Tsakanin Kwano da Silin

Shirinmu na yau a kan wani ɗaki ne da kusan kowane gidan kwano a garin Wudil yake da shi, amma ba mai kwana a ciki, ba mai share shi, yawancin masu gida ma ba su taɓa leƙa shi ba tun ranar da kafinta ya buga kusar ƙarshe ya sauko. Ina nufin sararin nan da ke tsakanin kwano da silin. Magana ɗaya nake so in kafa wa hujja daga farkon shirin nan har ƙarshensa: silin a toshe shi ruf, kada iskar ɗaki ta hau, kada ta sama ta sauko, shi kuwa ƙarƙashin kwano a bar masa hanyar shan iska daga waje. Abin da ake yi a yawancin gidajenmu akasin haka ne. Birkila yana gama jera bulo, a buga kwano, sai ya dawo ya cike tsakanin kan bango da kwano da gutsattsarin bulo da siminti, ko allura ba za ta wuce ba. Daga nan mai wayarin ya zo ya huda silin a wurin ƙwan lantarki, ya huda a wurin ƙugiyar fanka, ya huda inda waya za ta sauko, kowane huji ya ninka abin da zai bi ta cikinsa sau uku. An rufe inda ya kamata a buɗe, an buɗe inda ya kamata a rufe, kuma duk da kyakkyawar niyya aka yi.

Mu fara da abin da ido ke gani. Wata safiya a watan Agusta, an kwana biyu ba a yi ruwa ba, daren jiya ma sama garau take har taurari sun fito. Uwargida ta ɗaga kai ta ga tabo ruwan ƙasa a silin, zagayayye kamar sawun kofin shayi a kan tabarma, gefensa ya fi tsakiyarsa duhu. Maigida ya ce yoyo ne, ya kira kafinta. Kafinta ya hau, ya bi kusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya liƙa kwalta a inda yake zato, aka sallame shi. Bayan mako guda tabon ya ƙara faɗi, wani kuma ya ɓullo kusa da fanka. Sai a fara zargin kafinta da ha'inci, alhali mutumin ya yi iyakar abin da aka kira shi ya yi. Yoyo gaskiya ne, kuma shi ya kamata a fara dubawa. Amma tabon da ke girma a ranakun da ba a yi ruwa ba, ruwansa daga cikin gidan ya hau sama a matsayin tururi, ya kwana a jikin kwano, ya ɗigo da asuba.

Duk matar da ta taɓa ɗaga murfin tukunya ta ga ruwa yana tsiyaya daga cikinsa ta riga ta san ilimin nan. Iska mai ɗumi tana ɗaukar ruwa da yawa, idan ta yi sanyi sai ta kasa riƙe shi ta sauke. Masana sun auna abin. A ɗauki iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. Idan zafinta digiri 30 ne a ma'aunin Salshiyos, tana iya riƙe ruwa kimanin giram 30. Idan ta sauko digiri 20, abin da za ta iya riƙewa bai wuce giram 17 ba. Ragowar dole ya sauka a jikin wani abu, kuma abin da ya fi sanyi a kusa shi yake zaɓa. Da tsakar dare, abin da ya fi komai sanyi a gidan shi ne kwano. Ƙarfe ne siriri, ba ya ajiye zafi, kuma idan sama ta washe yana sakin ɗuminsa da sauri har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Dalilin ke nan da ya sa ake samun raɓa a rufin mota da asuba alhali bangon gida a bushe yake. Abin da ke faruwa a bayan kwano yana faruwa a cikinsa, illa iyaka na ciki ba wanda ke gani.

To daga ina tururin yake fitowa? Daga mu. Mutum ɗaya yana barci yana fitar da ruwa kimanin giram 40 a kowace awa ta numfashi da zufa. Idan mutum shida suka kwana awa takwas a ɗaki, an doshi lita biyu ke nan. A ƙara da tukunyar wake da ta yi awa biyu tana tafasa, da ruwan zafin wanka, da wankin da aka shanya a igiya cikin ɗaki saboda ana tsoron ruwan sama. A tsarin gida na da, madafi a tsakar gida yake, makewayi yana can lungu ba rufi, duk wannan tururi sama yake yi abinsa. Yanzu salo ya sauya. Tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil a 2001, wadda aka mayar wa sunan Aliko Dangote a 2022, ga kuma makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda, gidajen haya masu ɗaki da banɗaki da kicin a ƙarƙashin rufi ɗaya suka yawaita, kuma masu gina na kansu ma haka suke so. Ba laifi a salon, ya fi sirri, ya fi sauƙi ga tsoho da mai jego. Amma an shigo da ruwa da wuta cikin ɗaki ba a tanadar wa tururinsu hanyar fita ba. Sau da yawa bangon da ya raba ɗakuna a daidai silin yake tsayawa, saboda haka sararin sama ɗaya ne tun daga wannan ƙarshen gida har wancan. Tururin kicin ɗin ɗaki na farko yana iya ɗigowa a kan katifar mai ɗaki na biyar. Akwai ma inda ake tsayar da bututun fitar da warin masai a cikin rufi maimakon a zarce da shi waje, kullum yana hura laima da wari a ƙarƙashin kwano.

Wani zai ce, malam, wannan ai matsalar mutanen bakin teku ce, su Legas da Fatakwal, mu nan tsakaninmu da teku tafiyar kusan kilomita 1000 ce a mota. Gaskiya ne, amma kowace shekara teku tana aiko mana da iskarta. Ruwan da muke samu daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu maso yamma ce ke ɗauko shi daga tekun Atilantika, kuma a watan Agusta laimar iska da safe a ƙasar Kano takan haura kashi 80 cikin 100. Gishiri ya dunƙule a kwalba, ashana ta ƙi kamawa, ƙofar katako ta kumbura ta ƙi rufuwa. Wudil kuma tana da ƙari a kan wannan, domin a bakin kogi take. Ruwan kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su ratsa ta ƙarƙashin gadar garin su nufi Haɗeja, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ake saki ya sa kogin ba ya ƙafewa yadda yake yi a da. Gidajen da ke kusa da fadama sun san hazon asuba da sanyin ƙasa. Sannan muna da wata wahala da mutanen bakin teku ba su da ita. Su laimarsu kusan ɗaya ce duk shekara, mu kuwa da hunturu ya shigo laimar iska da rana takan faɗi ƙasa da kashi 20. Katakon da ya kumbura a Agusta sai ya tsuke a Janairu, kusa ta yi sako-sako, haɗin allunan silin ya buɗe baki, shekara mai zuwa ya ƙara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa yanayinmu da kansa yake tsaga mana silin.

Ƙasashen da suka fi mu daɗewa da wannan ciwo su ne masu sanyi da laimar teku, kamar Ingila da yammacin Kanada. A can mutane suna ɗumama ɗaki da sanyi, iskar ɗumin ta hau ta hujojin silin ta tarar da katakon rufi mai sanyi, sai ya jiƙe ya yi baƙi da fumfuna. Da farko ƙarin kafofin iska a rufi aka fi dogara da shi. Daga baya aka gane cewa inda iskar waje ita kanta take jiƙe, ƙara kafa kawai ba ya busar da rufi muddin tururin gida yana ci gaba da hawa, har ma kafar takan ƙara zuƙo shi. Shi ya sa masana ginin can suke cewa a fara toshe silin kafin a taɓa komai, kafin ma a shimfiɗa abin tare zafi. Darasin da ya shafe mu ke nan. Bambancinmu da su kuma alheri ne gare mu: ko a tsakiyar damina muna samun rana mai ƙarfi, kwano ya yi zafi, duk laimar da ta kwana ta tashi. Abin da take buƙata kawai ƙofar fita. Idan an liƙe ko'ina, tururin zai tashi da rana, ya koma ruwa da dare, yana kai-komo a wuri ɗaya har katako ya ruɓe, kusa ta yi tsatsa, gara ta samu abin da take so.

Kakanninmu ba su san wannan matsala ba, domin soro ba shi da wannan ɗaki na sama. Azara ce ta giginya, a jera, a shimfiɗa zana ko asabari, a ɗora ƙasa mai kauri, a shafe da makuba ko katsi, a sa indararo ya kai ruwa nesa da bango. Rufin da silin abu ɗaya ne. Kaurin ƙasar yana shanye zafin rana a hankali, shi ya sa wanda ya shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana yake jin sanyi ya ratsa shi. Soro yana da tasa wahalar, kowace shekara sai an yi yaɓe, kuma idan aka yi sakaci yana iya ruftawa kan mutane a damina mai nauyi. Ba wanda zai zargi magidanci don ya koma kwano. Abin da nake so a lura shi ne mun karɓi kwano ba mu karɓi ƙa'idarsa ba, muka ci gaba da tunanin magini na soro, wanda a wurinsa duk kafa a rufi aibi ce. A ƙauyukanmu irin su Utai da Lajawa da Indabo da Darki ana ganin wata dabara mai kyau, wato a ɗora kwano a kan tsohon soro, a samu sanyin ƙasa da kariyar ƙarfe tare. Wannan ma idan aka yaɓe gefensa ruf, laimar da ta maƙale tsakanin ƙasa da kwano ita za ta ci azarar da aka so a ceta.

Da rani kuma hujojin nan wani aikin suke yi. A watan Afrilu, lokacin da zafin gari yake kai digiri 40, kwanon da rana ta buga yakan wuce digiri 60, kuma iskar da ke kulle a ƙarƙashinsa tanderu ce. Ku ɗaga kai ku dubi inda ƙarfen fanka ya shige cikin silin. A gidaje da yawa za ku ga baƙin zobe ya kewaye wurin, da zirin ƙura kamar gashi yana lilo. Fanka tana tura iska ƙasa, saboda haka tana zuƙar wadda ke samanta, kuma idan akwai huji a nan, wani kaso na abin da take watsa wa masu barci daga cikin rufi ya fito, da zafinsa da ƙurarsa da garin kashin ɓera da na jemage. Wanda ya sa na'urar sanyaya ɗaki asararsa ta fi yawa. Iska mai sanyi nauyi gare ta, tana zurarewa ta ƙarƙashin ƙofa, mai zafi kuma ta sauko ta hujin silin ta maye gurbinta. Ana ƙona man janareta ko ana zuƙe batirin sola don a sanyaya iskar da ba ta zama. A nan dole in faɗi iyakar abin: toshe huji kaɗai ba zai mai da ɗaki randa ba, domin mafi yawan zafin daga jikin kwano yake dukan allon silin, kamar yadda garwashi ke dukan fuskar mai gasa masara ko ba iska. Maganin wannan shi ne iska ta riƙa ratsa ƙarƙashin kwano, a zaɓi kwano mai haske ko a shafa masa farin fenti, mai hali kuma ya shimfiɗa abin tare zafi a kan silin. Amma duk waɗannan ba sa cika aikinsu a kan silin mai huji.

Abin da ya fi damuna a lamarin nan shi ne lafiyar yara. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan laima da fumfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa mazauna gida mai laima sun fi fama da tari da shaƙewar ƙirji da tashin asma. Yaron da ke kwana a ƙarƙashin silin mai baƙin tabo yana shaƙar abin da ke fitowa daga tabon dare bayan dare. Sai kuma sauro, wanda mutumin Wudil ba ya buƙatar a gabatar masa da shi. Irin sauron da ke kawo zazzaɓi yana bin warin jikin mutum, idan ya tarar da bango sai ya yi sama, ya shiga ta tsakanin bango da rufi. A ƙasar Gambiya, a yankin Farafenni, an yi gwaji a ɗaruruwan gidaje, aka buga sakamakonsa a 2009: gidajen da aka yi wa silin na raga, sauron da ke shiga cikinsu ya ragu da kusan rabi, kuma ƙarancin jini ya ragu a yaransu. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Silin da ba shi da huji garkuwa ce a saman gidan sauro, kuma ba ta buƙatar a tuna da ita kowane dare.

Yanzu ga ƙorafi na farko, kuma mai ƙarfi ne. Maigida zai ce, idan na toshe silin ruf, ta ina zafin ɗaki zai fita? Ai don haka ma ake sa allo mai huji-huji a kusurwoyin silin. Ga sanƙarau, wanda bai manta da annobar 1996 ba ya san abin da cunkoso da rashin iska ke jawowa da bazara. Na yarda da rabin wannan magana ɗari bisa ɗari: ɗaki dole ya sha iska, kuma iska mai zafi sama take yi, tana buƙatar mafita a can sama. Inda na saba shi ne a kan inda za a kai ta. Hujin silin ƙofa ce mai kai da kawowa, kuma tana buɗewa ne zuwa wuri mafi zafi da ƙazanta a gidan. Da iskar waje ta juya, abin da ke sama zai sauko. Mafitar da ta dace ita ce 'yar taga a jikin bango, can sama dab da silin, mai raga, tana kallon waje kai tsaye, da wata taga a bangon da ke fuskantarta don iska ta shiga nan ta fita can. Maginan soro sun san wannan, shi ya sa suke barin 'yan kafofi a saman bango. Kicin da banɗaki su suka fi kowa buƙatarta, kuma idan an sa ƙaramar fankar zuƙe tururi, bakinta ya fita bayan gida.

Ƙorafi na biyu daga birkila da kafinta yake zuwa, kuma su ma da hujjarsu. Za su ce, mun liƙe ƙarƙashin kwano ne saboda jemage da tantabara da ɓera, da ƙurar hunturu, da sauron da ka gama ambata, sannan uwa uba guguwar farkon damina, wadda idan ta samu ƙofa ta shiga ƙarƙashin rufi sai ta yaye shi kamar murfin kwano. Jemage da tsuntsu da sauro maganinsu raga ce ta ƙarfe mai ƙananan ido, a buga ta da kyau, a riƙa dubawa. Ƙura za ta shiga, ba shakka, amma idan silin a toshe yake a can za ta tsaya, kuma gidan da aka liƙe ma tana shigarsa ta ƙarƙashin tudun kwano. Batun guguwa shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Babbar kafa a gefe ɗaya tak, tana kallon inda iska ke fitowa, haɗari ce ta gaske, domin iska za ta shiga ta rasa mafita ta tura rufin sama. Abin da ake so ƙananan kafofi ne da yawa, a rarraba su a ɓangarorin da ke fuskantar juna, a ɓoye su ƙarƙashin leɓen kwano inda feshin ruwa ba ya kaiwa. Tun da hadarinmu daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ya fi buƙatar kariya, kudu da arewa sun fi dacewa da kafofin. Kuma abin da ke riƙe rufi ranar guguwa shi ne ɗaurin katako da rodi ko langa-langa a jikin kankaren saman bango, da yawan kusa a gefunan kwano. Gutsattsarin bulo da aka cusa a kafa ba su taɓa riƙe rufin kowa ba.

Yaya ake gano hujojin? Hanya mafi sauƙi ita ce da dare. A kunna fitilun ɗakuna, mutum ya sa tsani ya zura kai ta ƙofar silin ba tare da tocila ba, ya jira idonsa ya saba da duhu. Duk inda haske ya ɓullo, nan iska ke bi: layi siriri a haɗin silin da bango, ɗigo-ɗigo a gindin fitilu, zobe a wurin fanka, da gefen ita kanta ƙofar silin, wadda sau da yawa allo ne kawai aka aza. Daga ƙasa kuma turaren tsinke yana nuna hanya. A rufe ƙofa da taga, a kashe fanka, a kai hayaƙin kusa da inda ake zato, za a ga ya lanƙwashe ya bi kafar ko ya dawo baya. Ƙananan tsagogi ana cike su da silikon, domin yana miƙewa ya tsuke tare da katako, siminti kuwa tsagewa zai yi a hunturu na farko. Silin na POP da garinsa ake gyara shi. Babban huji a yanka guntun allo a rufe shi a liƙe gefen. Ƙofar silin a yi mata baki na katako, a manna roba a kewaye, ko da tsohon tiyub ne, a sa sakata ta danne ta. Wurin wayoyi a bar wa mai aikin wuta, ya kashe layi, ya sa duk haɗin waya cikin akwatinsa, kuma kada a cusa tsumma ko soso ko leda a jikin waya ko fitilar da ke zafi.

Jerin aikin yana da muhimmanci. A fara da gyara yoyo na gaske. A bar katako ya bushe, a cire allon da ya ruɓe. Sai a toshe silin. Bayan nan ne za a buɗe kafofin waje, domin wanda ya fara buɗe waje alhali silin na da huji ya ƙara wa ƙura da sauro hanya ne zuwa ɗakinsa. Game da yawan kafofin, ƙa'idar ginin gidaje ta Amurka tana neman jimillarsu ta kai kashi ɗaya cikin 150 na faɗin silin. Gidan da silin ɗinsa ya kai murabba'in mita 60, ke nan yana buƙatar kamar kafa goma, kowace santimita 20 a tsawo 20 a faɗi, a ɗan ƙara saboda raga tana rage hanya, wasu a ƙasa wajen leɓen rufi, wasu a can sama kusa da ƙololuwa don iska mai zafi ta samu mafita. Bulon ado mai huji-huji da raga a bayansa yana yin wannan aiki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu, sa'ad da katako ya gama tsukewa, kowace tsaga ta buɗe iyakar bakinta, kuma zafin bazara bai kankama ba. A hau da sassafe, a sauko kafin hantsi ya yi nisa, domin zafin wurin da rana yana iya sumar da ƙato. A taka katako kawai, allon silin ba ya ɗaukar mutum. Idan akwai jemage, a jira su fita da magariba kafin a buga ragar ƙarshe, kashinsu kuma a yayyafa masa ruwa kafin shara, da takunkumi a hanci. Tsofaffin allunan asbestos kuwa kada a huda su, kada a yanka, kada a goge da sanfefa, ƙurarsu tana jawo ciwon daji a huhu. A liƙe haɗinsu a shafa fenti a ƙyale su.

Saura batun kuɗi, da tambayar wa zai biya. Mai gida zai ce ba shi ke kwana a ɗakin ba, ɗan haya zai ce gidan ba nasa ba ne. Ya Alhaji mai gida, katakon da ke ruɓewa naka ne, kwanon da tsatsa ke ci daga ciki naka ne, kuma kuɗin silikon da raga da ladan kafinta na yini ɗaya ko biyu bai kama ƙafar kuɗin sauya rufi ba. Ɗan haya kuma yana iya toshe gindin fanka da gefen bango da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, da izinin mai gida. Wanda yake kan gini yanzu shi ya fi kowa sa'a, domin a wurinsa kusan kyauta ne: ya gaya wa birkila ya bar kafofin tun yana jera bulo, ya kai bangon kicin da na tsakanin 'yan haya har jikin kwano, abin da ke rage saurin yaɗuwar gobara ma, ya kuma tsaya a kan mai wayarin ya rufe duk hujin da ya yi kafin a biya shi cikon kuɗinsa.

Akwai gargaɗin da ba zan rufe shirin nan ban yi shi ba, domin a kansa ake rasa rai. Ɗakin da aka toshe silin ɗinsa ya fi riƙe duk abin da ke cikinsa. Da sanyin Disamba da Janairu iyayenmu mata sukan shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, wasu kuma su kunna janareta a baranda ko a lungun da ke manne da ɗaki saboda tsoron ɓarayi. Gawayi da janareta suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, tana sa ciwon kai da kasala da barci mai nauyi, wani ba ya farkawa. Hujin silin bai taɓa zama kariya daga gare ta ba, amma bayan an toshe shi haɗarin ya ƙaru. A fitar da kasko waje kafin a kwanta, janareta ya zauna a fili nesa da taga, kuma 'yar tagar nan ta saman bango a bar ta a buɗe ko da ana sanyi, a ƙara wa yara bargo.